Garin Gyaran Gira An Rasa Ido: Darasin Gasar Karnukan Turai Ga Mutanen Mai Wurno

A watan Maris ne ake tara karnuka kusan dubu 20 a birnin Bamingham na ƙasar Ingila domin gasar nan da ake kira Crufts, wadda aka fara gudanarwa da wannan suna tun shekarar 1891. Kwana huɗu ake yi ana zagayawa da su a gaban alƙalai, kowane iri da nasa fage, har a fitar da guda ɗaya a ce shi ne zakaran shekara. A wannan babbar gasa ba tsere ake yi ba, ba kuma farauta ba. Siffa ake dubawa: tsayuwar kare, tafiyarsa, ƙirar kansa da ta jikinsa.

Mai karatu da ke Mai Wurno, ko Sinnar, ko Sinja, ko wani ƙauyen Hausawa a Jazira, yana iya cewa ina ruwan biri da gada? Mu da ba mu ajiye kare sai don farauta ko gadin gona da garke, me ya haɗa mu da masu yi wa kare wanka da taje gashi? Dalili uku ne suka sa muka ga ya dace mu kawo wannan batu. Na farko, a cikin karnukan da ake nunawa a can akwai waɗanda daga ƙasashenmu aka ɗebo kakanninsu. Na biyu, karnukan da waccan gasa ta sauya wa halitta sun fara shigowa biranenmu, ana sayensu da tsada. Na uku kuma, kuskuren da alƙalan Turai suka yi, wanda suke ta fama da gyaransa har yau, kuskure ne da ke iya faɗa wa duk mai zaɓen irin dabba, ko kare ne, ko rago, ko saniya.

Abin da alƙali ke nema

Gasar karnuka irin ta zamani ta samo asali ne a garin Niyukasil na Ingila a shekarar 1859, inda aka baje karnukan farautar tsuntsaye guda 60, kuma kyautar da aka ba waɗanda suka ci bindigogi ce. Wannan ya nuna cewa da farko mafarauta ne ke auna karnukan aikinsu. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ta ɗauki nauyin rubuta asalin kowane kare, uwa da uba da kakanni. Daga nan kowane iri ya samu rubutacciyar ƙa'idar siffa, wadda ke bayyana tsayinsa, ƙirar kai, kunne, ƙirji, ƙafafu, jela, gashi da launi, har da yanayin tafiya.

A cikin fage, alƙali kan tsaya daga nesa ya kalli kare a tsaye. Sai ya matso ya buɗe bakinsa ya ga yadda haƙora suka haɗu, ya bi kafaɗa da gadon baya da cinyoyi da hannu, domin gashi yana ɓoye aibi. Bayan haka sai ya sa a yi sassarfa da shi, a tafi a dawo, a kuma gitta ta gabansa. Abu biyu ne ake so ya riƙe a zuciyarsa duk tsawon wannan aiki.

Na farko shi ne kamannin iri, wato abin da ke sa ka hango dabba daga nesa ka kira sunan irinta ba tare da an gaya maka ba. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. Dillalin shanu a kasuwar Sinja ba ya neman takarda kafin ya bambanta saniyar Kenana mai launin toka da jar saniyar Butana. Haka mai sayen ragon layya a Wad Madani ya san Dubasi, ya san Ashgar, ya san Hamari, kamar yadda ɗan'uwansa a Kano ko Maradi ba ya rikita Balami da Uda.

Na biyu shi ne matsakaici, wato kada wata gaɓa ta wuce iyakar da aikin dabbar ke bukata. A nan ne aka fi samun rashin fahimta. Matsakaici ba yana nufin kare ya zama lami, marar kamanni ba, ba kuma yana nufin duk karnuka su koma girma ɗaya ba. Dogayen ƙafafun karen da ke bin barewa ba wuce iyaka ba ne, domin aikinsa ne ya nemi haka. Amma in ƙafafun suka yi tsawo da sirantaka har ya zama ba zai iya juyawa da gudu ba sai ya karye, to an wuce gona da iri. Ashe ke nan aiki shi ne mudun awo. Duk siffar da aka raba ta da aikin da aka yi ta dominsa, ba ta da sauran wurin tsayawa.

Yadda ɓarnar ke shigowa

Babu wanda ya zauna ya ƙudura niyyar nakasa karnuka. Abin a hankali ya shigo. A ce ƙa'ida ta rubuta cewa wani iri gajeren hanci gare shi. Alƙali na tsaye, ga karnuka 20 a gabansa, dukkansu masu gajeren hanci. Da wanne zai fita kunya? Sai ya nuna wanda hancinsa ya fi gajarta, domin shi ne ya fi ɗaukar ido. Kafin shekara ta zagayo, masu kiwo sun yi ta kai karyoyinsu barbara wurin wannan zakara, ya haifi ɗaruruwan 'ya'ya. A gasa ta gaba, abin da ya zama abin mamaki bara ya zama gama-gari, sai alƙali ya sake neman wanda ya fi. Tun da kare kan fara haihuwa yana ɗan shekara ɗaya zuwa biyu, cikin shekara 50 an yi zuriya sama da 20, kowace ta ɗara ta baya da ɗan kaɗan.

Karen da ake kira Buldog shi ne babban misali. Asalinsa kare ne mai ƙarfi da zafin nama da ake sa wa faɗa da bijimai a Ingila, har aka hana wannan wasa a 1835. Da aiki ya ƙare, sai siffa ta rage. Aka yi ta ƙara masa girman kai, ana taƙaita hanci, ana faɗaɗa ƙirji, ana tsuke ƙugu. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2010 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar wannan iri sai da tiyata, saboda kan ɗan kwikwiyo ba ya iya bi ta ƙugun uwarsa. Wani binciken kuma na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan a 2022 ya ƙiyasta tsawon rayuwar Buldog a kan shekara 7 da 'yan watanni, alhali ƙaramin karen nan mai kama ɓeraye da ake kira Jak Rasel yana haura shekara 12.

Ya kamata a lura cewa kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum ko doki. Da haki yake sanyaya jikinsa, iska na bi ta dogon hanci da harshe. In aka matse hancin, naman da ke cikin maƙogwaro bai ragu ba, sai ya toshe hanyar numfashi. Shi ya sa irin waɗannan karnuka ke minshari ido biyu, kuma zafi kaɗan ke kayar da su. A 2003, ƙaramin kare ɗan irin Fekinis da ya zama zakaran Crufts sai da aka ɗora shi a kan ƙunshin ƙanƙara lokacin ɗaukar hoto, don kada zafin fitilu ya galabaitar da shi.

Hatta karen nan da muka sani da karen 'yan sanda bai tsira ba. A Jamus aka tsara irinsa a 1899 domin kiwon tumaki, mai miƙaƙƙen baya da juriyar yini ana sassarfa. Masu gasa suka ga tafiyarsa ta fi ƙayatarwa in ƙafafun baya sun lanƙwashe, sai aka yi ta bin wannan har bayansa ya gangara kamar tudu. A 2016 wata karya da ta zo ta ɗaya a irin nan a Crufts ta jawo ce-ce-ku-ce, saboda jama'a sun gani a talabijin yadda ƙafafunta na baya ke tangaɗi.

Komawa baya da ƙyar

Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi. A watan Agustan 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri da ya fallasa halin da karnukan gasa ke ciki, daga bisani kuma ya daina watsa gasar Crufts. A 2009 ƙungiyar Kennel Club ta sake duba ƙa'idojin siffa, ta cire kalmomin da ke zuga wuce iyaka, ta kuma daina yi wa 'ya'yan barbarar uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa rajista.

A 2012 aka ɗauki matakin da ya fi girgiza masu kiwo. Aka ware iri 15, aka ce duk wanda alƙali ya zaɓa a cikinsu sai likitan dabbobi ya duba shi kafin a tabbatar masa da nasara. Shida suka faɗi a hannun likita, har da Buldog da Fekinis. Wato abin da gwanin alƙali ya ce shi ne mafi kyau, likita ya ce marar lafiya ne.

Gwamnatoci ma sun shigo. A 2019 ƙasar Holan ta fitar da ma'aunin da ya hana barbarar karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙoƙon kansa ba. A Nowe, kotun ƙoli ta tabbatar a 2023 da hana kiwon irin da ake kira Kabaliya, saboda cututtukan zuciya da ƙwaƙwalwa da suka game zuriyar. Daga 2025 kuma, Crufts ta wajabta wa iri uku masu gajeren hanci gwajin numfashi kafin shiga gasa, inda likita ke sauraren numfashin kare, a yi tafiya mai sauri da shi na minti 3, sannan a sake saurare. Bayan shekara sama da 160, an dawo ga abin da kowane mafarauci ya sani: a motsa kare tukuna, a ga numfashinsa, sannan a yi maganar kyau.

Karnukan da aka ɗiba daga wajenmu

Iri uku ne a fagen gasar duniya da ya kamata mu san labarinsu. Na farko shi ne Salugi, dogon karen farautar Larabawa, wanda danginsa ke nan a hannun makiyaya da mafarautan Sudan. An kai shi Ingila daga Masar a 1895, aka karɓe shi a matsayin iri mai rajista a 1923. Abin sha'awa game da shi shi ne waɗanda suka rubuta ƙa'idarsa sun bar ƙofa a buɗe ga bambancin girma da launi da gashi, domin sun san kowace ƙasa da irin nata Salugin.

Na biyu shi ne Basenji, ƙaramin karen farauta marar haushi na ƙabilar Zande da maƙwabtanta, a yankin da Kwango ta haɗu da abin da a yau ake kira Sudan ta Kudu. A 1923 wata Baturiya, Ledi Helen Nutting, ta kai guda shida Ingila daga Sudan, amma duk suka mutu. Sai a shekarun 1930 irin ya kafu a can. Da yake daga 'yan karnuka ƙalilan aka yaɗa shi, aka kuma rufe ƙofar shigo da sabon jini, sai cututtukan gado suka bayyana, musamman wata cutar ƙoda da ake kira Fankoni. Ina aka nufa neman mafita? Ƙauyukan Afirka. A 1959 Veronica Tudor-Williams ta zo kudancin Sudan ta koma da wata karya da ta yi tasiri ƙwarai a zuriyar. A 1987 da 1988 Amurkawa suka je Kwango suka sayo wasu, kuma a 1990 ƙungiyar karnukan Amurka ta buɗe littafinta ta karɓi 14 daga cikinsu. Karen ƙauye da babu mai takardar asalinsa shi ya zama magani ga masu takarda. A 2001 ɗan wannan iri ne ya zama zakaran Crufts.

Na uku shi ne Azawak, karen Buzaye da Fulanin kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda Buzaye ke kira Oska. Wannan yanki ne ya ba shanun Azawak sunansu, waɗanda mutanen Tawa da Filinge suka sani sarai. An fara kai karen Turai a farkon shekarun 1970, kuma Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Namijinsa kan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kawai, kuma tsayinsa ya ɗara tsawon jikinsa. Ƙa'idar Amurka ta faɗa ƙarara cewa daidai ne a ga haƙarƙarinsa uku zuwa biyar, domin alƙalin da bai san Sahel ba yana iya ɗauka yunwa ce, ya fifita mai ƙiba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙa'idar da ake bi a Turai ta taƙaita launukan da aka yarda da su, alhali a rugagen Sahel ana samun launuka fiye da haka. Sakamakon shi ne, kare na iya fitowa daga tsakiyar ƙasar asalinsa, uwarsa da ubansa na kama zomo, a ce masa a Turai bai cika iri ba.

Mudun awonmu na gida

Garin Mai Wurno ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya jagoranci sauran masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka sauka a gaɓar Nil Azrak kudu da Sinnar. Waɗanda suka zo, da waɗanda suka biyo bayansu a hanyar aikin Hajji, sun zo da sana'o'insu: noma, su, kiwo da farauta. Sun kuma zo da fikihun Malikiyya, wanda ya san kare ta fuskar amfaninsa, wato farauta da tsaron gona da dabbobi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama in an ambaci sunan Allah, kuma malamai sun bayyana horarre da cewa shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ba a tambayi tsawon kunnensa ba.

Ƙasar ma da kanta alƙali ce, kuma ba ta karɓar roƙo. Baƙar lakar Jazira da Nil Azrak kan dare da rani ta yi ramuka, ta yadda kare mai nauyi ba ya iya gudu a kanta, mai siraran ƙafafu fiye da kima kuma yana iya karyewa. Da damina ta zama taɓo mai riƙe ƙafa. Ga ƙaya, ga ƙarangiya wadda Larabawan nan ke kira haskanit, ga kaska, waɗanda duk ke samun maɓoya a dogon gashi. A watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Duk karen da ya rayu ya hayayyafa a nan, ya riga ya ci wata jarrabawa da ta fi ta Bamingham tsanani.

Shi ya sa in gwanin mafarauci zai zaɓi kare, abubuwan da yake dubawa a bayyane suke. Yana son dogon baki mai ƙarfin muƙamuƙi, haƙora a haɗe. Yana son ƙirji mai zurfi don numfashi, amma ba matsattse kamar allo ba. Yana son ɗamammen ciki, cikakkun cinyoyi, miƙaƙƙun ƙafafun gaba, da dagi mai tauri wanda yatsunsa suke a dunƙule. Yana son gajeren gashi da ido mai tsabta. Ba ya son mai ƙiba, ba ya kuma son ramamme. Bayan duk wannan, ba ya yanke hukunci sai ya ga gudunsa, ya ga yadda yake juyawa in zomo ya karkace, ya ga ko zai dawo in an kira shi, ya kuma tambayi aikin uwarsa da ubansa. Makiyayi kuwa wani abu yake nema daban: kare mai ɗan kauri da murya, wanda ba ya barci da dare, ba ya tsoron dila ko kura, ba ya kuma taɓa 'yan raguna. Kowanne da kamanninsa, kuma kowanne aikinsa ne ya yanka masa iyaka.

Sai dai wannan ilimi yana raguwa. Manyan gonakin tarakta, irin na Dali da Mazmum, sun cinye dazuzzukan da ake farauta a da. Gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, doka ta hana farauta a cikinsa, kuma ya kamata a kiyaye wannan doka. Da farauta ta ja baya, sai masu sanin karen kirki suka ƙaranta, aka bar karnuka suna barbara yadda suka ga dama. Matasa kuma suna ganin hotunan karnukan waje a Facebook, suna ɗaukar cewa namu ba iri ba ne.

Ba Turawa kaɗai ba

Kada mu yi dariya da yawa, domin wannan ciwo ba ya tambayar ƙabila. A bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz a Saudiyya, inda ake gasar kyau da kyaututtuka na miliyoyi, an kori raƙuma 12 a 2018 saboda an yi musu allurar kumbura leɓe da hanci, a 2021 kuma aka kori fiye da 40. A Senegal, ragon Ladum, wanda aka samar daga haɗa tumakin Muritaniya da Bali-bali na Sahel, ya zama abin alfahari har ana gasarsa a talabijin, ana sayar da wasu a kan kuɗin da ya fi na mota. Duk inda ido da kuɗi suka zama alƙalai, girma da ban mamaki ne ke cin gasa.

A gidanmu ma akwai abin dubawa. Saniyar Kenana na cikin shanun Afirka da suka fi ba da nono, kuma saboda ita aka kafa tashar binciken dabbobi ta Um Banen, kudu da Sinja, a 1957. Shekara da shekaru ana haɗa ta da shanun Turai masu baƙi da fari don ƙarin madara. Haɗin farko kan yi kyau. Amma masu kiwo da dama sun gani da idonsu cewa in jinin waje ya rinjaya, saniyar ba ta jure zafi da cututtukan kaska, ga cin abinci, ga kuɗin magani. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Kuma in aka wayi gari babu tsantsar Kenana, da me za a sake yin haɗin? Ko a dabbar layya, abin da shari'a ta fara kawarwa shi ne aibi bayyananne: mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwa, da ramammiya. Lafiya ce a gaba, sannan a zo ga ƙiba da kyau.

Abin da ya rage gare mu

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya taɓa wannan yanki ƙwarai. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Sinja ma ta fita daga hannun gwamnati a ƙarshen Yunin 2024, ta dawo a Nuwamban shekarar. An yi asarar rayuka, an kwashe dabbobi, garkuna sun watse. Wanda duk zai sake kafa garke ko ya nemi karen gadi bayan irin wannan hali, zaɓen da ya yi shi ne zai zama irin da 'ya'yansa za su gada. A nan ne muke ganin darasin ya fi amfani.

Ga wanda zai sayi kare, musamman matasanmu na birane, muna ba da shawarar kada a yi wa rogo kallon kitse. Karen da ke minshari yana tsaye, ko idanunsa suka firfito, ko fatar fuskarsa ta naɗe, ko bayansa ya gangara, ba ado ba ne, jinya ce za ka saya da kuɗinka, kuma zafin Sinnar ba zai raga masa ba. A nemi ganin uwa da uba. A sa a yi tafiya da shi a ga numfashinsa. A tambayi ko iyayensa dangin juna ne na kusa.

Ga mafarauta da makiyayan da har yanzu ke riƙe da karnuka na asali, muna roƙon su san darajar abin da ke hannunsu. Su zaɓi wanda za a bari ya yi barbara, su riƙa musayar jini da wasu garuruwa, kada kuma a dogara ga namiji guda komai ƙwazonsa. Tarihin Basenji ya isa ishara.

Ga hukumomin kula da dabbobi na jihohin Sinnar, Jazira da Nil Azrak, muna kira da a sa tsantsar Kenana da tumakin yankin a sahun gaba wajen duk wani shirin mayar wa jama'a dabbobi. Haka nan a farfaɗo da rigakafin haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutane kimanin dubu 59 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Karen kirki shi ne wanda aka yi wa allura. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba.

In kuma wata rana aka shirya nunin dabbobi a Sinja ko Wad Madani, aka ware fage ga karnuka, to a zaunar da tsohon mafarauci da makiyayi da likitan dabbobi a kujerar alƙalanci, a kuma fara da gudu kafin a zo ga tsayuwa. Turawa sun kashe shekaru da dukiya mai yawa suna neman hanyar komawa inda muke tsaye a yau. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar wa kowa da alherin abin da ya rasa.